Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Gizo Ba Ya Tuba?

Yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan wata daga jihohin Bauchi da Gombe a kan tatsuniya suka tsaya, don haka muka ware biyar daga ciki muka taƙaita su, ganin cewa amsar wata tana ƙara haska amsar wata.

Tambaya daga wata malamar firamare a Kumo: "Ina koyar da Hausa a aji huɗu. Duk ranar da na yi wa yara tatsuniyar Gizo sai in ga suna tafi suna goyon bayansa, alhali kuwa ɓarawo ne, maƙaryaci, maci amana. Abin ya dame ni har na fara sauya ƙarshen labarin, ina sa Gizo ya tuba ya nemi gafara. Shin abin da nake yi daidai ne?"

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri bisa kula da tarbiyyar yaran da aka ba ki amana, amma shawarata ita ce ki mayar wa Gizo da halinsa. Bari mu ɗauki tatsuniya guda mu bi ta daki-daki, domin a nan ne za ki ga abin da yaran suke gani.

An yi yunwa a gari, Gizo ya lura cewa gauraki kullum suna dawowa gida da ɓaure nunanne. Sai ya riƙa kashe wutar murhunsa yana zuwa gidansu ɗiban wata, duk zuwa a ba shi ɓaure guda, har dai suka gaji suka ce gobe da asuba ya zo su tafi tare. Da gari ya waye kowace gauraka ta cire gashi ɗaya daga fiffikenta, aka manna wa Gizo, aka tashi da shi zuwa wani ɓaure da ke tsakiyar kogi. Suna sauka sai halin ya motsa. Duk ɗan ɓauren da wata gauraka ta kai baki gare shi, sai Gizo ya ce nasa ne, shi ya riga gani. Gauraki suka yi shiru har ya ci ya ƙoshi barci ya kwashe shi, kowace ta zare gashinta, suka yi fir suka bar shi. Ya farka ya yi yunƙurin tashi, sai tsundum a ruwa, ya zarce har gidan kada. Can ma bai rasa ta cewa ba: ya fashe da kuka, ya ce shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun yana ƙarami. Aka sauke shi a ɗakin da ake ajiye ƙwai, ya kwana yana gasawa yana ci. Da aka zo ƙirga, sai ya riƙa ɗago ƙwan nan guda da ya rage yana nunawa, yana mayarwa, yana sake ɗagowa, har lissafi ya cika. Aka haɗa shi da wani kada mai nauyin ji ya ƙetare da shi, kuma da asiri ya tonu aka riƙa kira daga baya a komo da baƙo, sai Gizo ya ce wa mai ɗauke da shi ai cewa ake ya yi sauri.

Yara za su yi dariya a wurin ƙirgar ƙwai, kuma dole su yi, domin dabara ce mai ban dariya. Amma ki tambaye su a wane wuri ne al'amarin Gizo ya lalace, za ki ji sun ce a kan ɓaure, lokacin da ya hana waɗanda suka ara masa gashi cin abin da su suka kai shi gare shi. Ki sake tambayarsu wane ne a cikinsu yake son aboki irin Gizo, ba za ki ga hannu a sama ba. Ke nan yaron ya riga ya yanke hukunci da kansa, ba tare da an tsaya an yi masa wa'azi ba, kuma hukuncin da mutum ya yanke da kansa ya fi zama a zuciya. Idan kika sa Gizo ya tuba, kin ɗauke wa yaron wannan aiki, kin kuma koya masa abin da zai gano daga baya ba haka yake ba, wato cewa duk macuci yana dawowa ya ba da haƙuri. Yaron da zai girma ya shiga kasuwar Kumo ko tashar mota a Gombe yana bukatar ya san akwai masu daɗin baki da ba sa tuba, ya kuma san yadda maganarsu take tun kafin su iso gare shi.

Akwai wani tsari a tatsuniyoyin Gizo da ya kamata ki lura da shi. Idan Gizo ya kara da wanda ya fi shi ƙarfi, galibi shi ne da nasara. Ya ci bashin hatsi wurin Giwa, ya ci wurin Dorina, da lokacin biya ya yi sai ya ba kowannensu bakin igiya ɗaya, ya ce doki ne ɗaure a ɗaya bakin, su ja, suka wuni suna jan juna. A nan mai sauraro yana tare da Gizo ɗari bisa ɗari, domin talaka ya san abin da ake nufi da zama ƙarƙashin mai ƙarfi. Amma idan Gizo ya juya dabararsa kan Ƙoƙi da 'ya'yansa, ko kan wanda ya yi masa alheri, to yawanci da kunya yake ƙarewa, ko duka, ko gudun da zai kai shi saƙon bango. Tatsuniya ba ta ƙin wayo, abin da take tuhuma shi ne wayon da haɗama ke ja masa gora.

Ba mu kaɗai muke da irin wannan tauraro ba. Asante da sauran al'ummar Akan na ƙasar Gana suna da Ananse, wanda shi ma gizo-gizo ne, har ma da sunansa suke kiran tatsuniya baki ɗaya. Shi ne ya tattara hikimar duniya a tulu ya ɗaura a ciki yana ƙoƙarin hawa itace ya ɓoye, ya kasa, sai ɗansa Ntikuma ya ce masa ya mayar da tulun baya, haushin cewa har yanzu akwai sauran hikima a waje ya sa ya yar da tulun ya fashe. Yarbawa suna da kunkuru Ijapa da matarsa Yannibo, kuma shi ne ya lashe maganin haihuwa da boka ya ba shi ya kai wa matar, cikinsa ya kumbura. Inyamurai ma kunkuru ne nasu, kuma suna da labarin da ya yi kama da na gauraki sosai: tsuntsaye sun ara masa gashi zuwa walima a sama, ya raɗa wa kansa suna "Ku Duka", da aka kawo abinci aka ce na ku duka ne sai ya cinye, suka karɓe gashinsu, ya faɗo ƙoƙon bayansa ya tsattsage. A Senigal da Mali kuwa an raba halin biyu, zomo ya ɗauki wayo, kura ta ɗauki haɗama da wauta. Mu da Akan mun haɗa su a jiki ɗaya, shi ya sa Gizo ya fi zomon Senigal wuyar sha'ani, kuma a ganina ya fi shi kama da ɗan Adam.

Abu biyu ne suka haɗa waɗannan taurari. Dukkansu ƙananan halittu ne marasa ƙarfi, kuma labaransu da yawa da yunwa suke farawa. Wannan ba wasa ba ne a ƙasar da ta ga yunwar 1913 zuwa 1914 da farin 1973. Tambayar da ke ƙarƙashin dariyar ita ce, idan rumbu ya ƙare, me mutum zai yi ya rayu, kuma a ina zai tsaya. Tsamin bakin da aka ba Gizo, yana ce wa sarki "shaiki", yana ce wa ruwa "yuwa", shi kansa hukunci ne, domin ana so yaro ya ji daɗin dabararsa amma kada ya ga girmansa. Ananse ma ta hanci yake magana. Don haka, Malama, ki bar ƙarshen labari yadda kika gada, ki ba yara minti biyar su yi gardama a kai.

Tambaya daga wani ɗalibi a Azare: "Wani abokina ɗan Gana ya ba ni labarin Ananse da mutum-mutumin danƙo, sai na ga daidai yake da tatsuniyar Gizo da budurwar danƙo da kakata take yi mana. Su ne suka ɗauka daga wurinmu, ko mu ne muka ɗauka daga wurinsu?"

Amsa: Ɗana, wannan labari na wanda ya ƙi noma, ya cinye iri, ya koma satar gonar wani har aka dasa masa budurwar danƙo ya mare ta hannu ya manne, ya shure ta ƙafa ta manne, yana nan a faɗin Afirka ta Yamma, kuma ya ƙetare teku. A 1880 wani Ba'amurke mai suna Joel Chandler Harris ya buga shi kamar yadda ya ji daga bakin baƙaƙen fatar kudancin Amurka, a can kuma zomo ne ya manne a jikin ɗan tsanar kwalta. Bayin da aka kwasa daga gaɓar tekun Gana sun tafi da Ananse, yana nan da sunansa har yau a Jamaika da Surinam. Kurar Wolof mai suna Buki ita ma ta isa Haiti, inda sunan ya zauna a kan wawan da abokinsa mai wayo yake cuta kullum.

A cikin gida kuwa hanyoyin da labari ke bi a bayyane suke. Fataken goro sun yi ɗaruruwan shekaru suna tashi daga ƙasar Hausa su bi ta Borgu su dangana da Salga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, kowane dare a zango ana hira. Wasunsu sun zauna can sun yi aure, shi ya sa ake da unguwannin zango a Kumasi da sauran biranen Gana. Abin lura ma, ɗaya daga cikin manyan tarin tatsuniyoyin Hausa na farko, wanda Bature Rattray ya buga a 1913, a can ƙasar Gana wani malami Bahaushe, Malam Shaihu, ya rubuta shi da ajami. Ga Fulani da suka biyo kiwo tun daga Futa Toro a kwarin kogin Senigal har Gombe da Adamawa, ga mahajjatan ƙasa da suka riƙa bi ta Barno zuwa Sudan, ga almajirai, ga kuma matan da aure ko bauta ta kai su gidajen wata al'umma suka yi renon 'ya'yan gidan da tatsuniyoyin garinsu. Kada ma ka je da nisa. Yaron da ya tashi a Billiri ko Kaltungo ko Deba ko Dass yana jin tatsuniya da harshen gidansu, Tangale ne ko Tera ko Jaranci, ya fita dandali ya ji ta da Hausa ko Fulatanci, ya dawo ya gauraya.

Saboda haka neman wanda ya riga wani ba zai kai ka ko'ina ba, tunda baki ba ya barin sawu. Abin da ya fi amfani shi ne ka duba abin da kowace al'umma ta sauya, domin tuwon ɗaya ne, miya ce kowa da irin tasa. Ɗauki tatsuniyar 'yar Bora da 'yar Mowa. An aiki 'yar Bora wanke ƙirgi a Ruwan Bagaja, ta wuce kogunan abinci suna tayi ta ƙi ci, ta iske cinya da kare a bukka ta gaishe su da ladabi ba ta yi dariya ba, aka ba ta ƙwayar shinkafa guda da ƙashi ta dafa ba gardama, tukunya ta cika, aka sallame ta da ƙwai, ta fasa inda aka ce ta fasa, dukiya ta fito. 'Yar Mowa ta bi hanyar da rashin kunya, ta dawo da kutare da makafi. Wolof na Senigal suna da wannan labari da 'yan mata biyu masu suna Kumba, mai uwa da marar uwa. An aiki marainiyar wanki a tekun Ndayan, ta iske magarya tana kaɗe 'ya'yanta da kanta, da tukunya tana dafa kanta, da wata tsohuwa mai ban tsoro, aka ba ta ƙwayar gero guda ta daka, aka sallame ta da ƙwai.

Zubin ɗaya ne, tafiya biyu a hanya ɗaya, ta biyun tana juya ta farko. Amma dubi inda ciwon yake. A ta Wolof uwar ta mutu, jigon maraici ne. A tamu Bora tana raye, tana zaune a gidan tana kallo, jigon kuwa kishi ne da rashin adalcin maigida tsakanin matansa. Matan da suke yin wannan tatsuniya a tsakar gida sun san da wa suke, kuma sau da yawa maigidan yana zaure yana ji.

Tambaya daga wata uwa a unguwar Jekadafari, Gombe: "Na sayo wa 'ya'yana littafin tatsuniyoyi, ina karanta musu bayan sallar isha'i, amma kafin in kai rabi sun fara hamma ko sun nemi waya. Mu kuwa da muna yara ba ma so kakarmu ta daina. Me na rasa?"

Amsa: Hajiya, ba ki rasa komai ba sai ajiye littafin. Ki karanta labarin ke kaɗai da rana har ki riƙe shi, da dare ki ba da shi da baki, idonki a kan yaran.

Dalili shi ne abin da ke cikin littafi rabin tatsuniya ne. Tarihin rubuta su ma ya nuna haka. Wani Bature ɗan mishan mai suna Schön ya buga nasa tarin a 1885, yawanci daga bakin Dorugu, wani yaro Bahaushe da matafiyi Barth ya tafi da shi Ingila. Wani Baturen, Frank Edgar, ya fitar da juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 daga takardun ajami da malamai suka rubuta, da yawansu a lardin Sakkwato. Waɗannan ayyuka sun cece mana labarai masu ɗimbin yawa, amma maza ne suka rubuta wa Turawa a zaune, alhali tatsuniya a ƙasar Hausa sana'ar tsofaffin mata ce da amare da 'yan mata. Alƙalami ba ya ɗaukar murya, kuma mai rubutu yakan gaji da maimaita waƙa ya taƙaita ta. Littattafan da marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa makarantu a farkon shekarun 1970 sun fi kusa da bakin masu yi, amma su ma sai an tashe su da murya.

Ki fara da buɗewa, kada ki raina ta. Idan kika ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ki jira har su ce "Ta zo mu ji ta". Wannan amsa alkawari ne, yaron ya sa hannu a cikin labarin. Ko'ina a yankin nan haka ake. Bayarabe yana cewa "Alo o" a amsa masa "Alo", Bawolofe yana cewa "Leeboon" a ce "Lippoon". A ƙasar Mande ta Mali da Gini akwai mai amsa "naamu" bayan kusan kowace jimla, kuma masaniya Ruth Finnegan, wadda ta zauna da al'ummar Limba ta Saliyo a farkon shekarun 1960, ta nuna cewa mai ba da labari a can yakan zaɓi mutum guda a cikin taro ya zama mai amsa masa. Ba a yin tatsuniya ga mutanen da suka yi tsit. Kafin ma a kai ga labari, da can da ka-cici-ka-cici ake ɗumama wuri, wanda ya kasa ya ba da gari, mai tambaya ya ce ba ya son Darazo sai an ba shi Bauchi, a yi ta ciniki ana dariya.

Sai murya. Kura da muryar ƙasa mai kwaɗayi, Gizo da tsamin baki, Dodo da gurnani, Ƙoƙi da siririyar murya ta mai haƙurin da ya kusa ƙarewa. Sai kalmomin da ke sa kunne ya ga abu: tafiya tinƙis-tinƙis, shiga sumumu, kamu caraf, tauna ƙurmus-ƙurmus. Littafi zai ce yarinya ta fasa ƙwai dukiya ta fito, jimla ɗaya. Mai tatsuniya kuwa za ta sa yarinyar ta tsaya a dokar daji ta ce "In fasa?", ta sa muryoyi su amsa daga kurmi cewa ta fasa, ta girgiza kai ta wuce. Ta sake tsayawa, ta sake tambaya, a sake amsawa. A karo na uku ta tambaya, sai mai tatsuniya ta yi shiru, ta ja shirun har ƙaramin cikinsu ya matso jikinta, sannan ta tafa hannu, fus, ga dawaki ga raƙuma ga bayi da kuyangi. Wannan shirun ba shi a takarda.

Maimaici da kike gani kamar ɓata lokaci shi ne ƙashin bayan salon. Kogi na farko ya yi tayi an ƙi, na biyu haka, na uku haka, da kalmomi iri ɗaya. Yaro yana koyon zubin, ya fara riga ki faɗa, kuma jin daɗinsa yana cikin sanin abin da ke zuwa da jiran inda zai karkace. Lokacin da 'yar Mowa ta kama hanya, ya riga ya san kowane mataki, don haka duk kuskurenta shi zai fara ganewa ya ce "Kash!" Haka kuma kalmomin haɗi irin su "ana nan, ana nan" da "kwanci tashi" da "ashe" suna ba mai labari damar tsallake shekaru goma a numfashi ɗaya, ta tsaya kan dare guda ta daɗe.

Waƙa ita ce babba. A tatsuniyoyinmu, abin da ba ya faɗuwa da magana da waƙa yake fita: yarinyar da Dodo ya kama da waƙa take kiran iyayenta, tsuntsu da waƙa yake tona asirin kisa, ƙashin wanda aka zalunta da waƙa yake ba da shaida. Yarbawa sun ware wani rukuni na tatsuniya da ake yi da amshi, Akan kuwa suna barin wani daga masu sauraro ya katse labarin ya tayar da waƙa, a yi ta tare, sannan a mayar wa mai labari da magana. Idan kin manta karin da kakarki take yi, ki sa naki, ki koya wa yaran amshi. Daga nan sai ki rufe da "Ƙurunƙus kan kusu", domin su san an fito daga waccan duniya an dawo wannan, lokacin kwanciya ya yi.

Tambaya daga wani dattijo a Misau: "Me ya sa aka hana mu tatsuniya da rana muna yara, har ana ce mana mai yi zai ɓata? Kuma tunda ƙarya ce, ya dace a riƙa yi wa yara?"

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Irin wannan hani yana nan kusan ko'ina a Afirka ta Yamma, abin tsoratarwar ne kawai ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Rana ta aiki ce, ta gona da kiwo da ɗiban ruwa da makarantar allo, kuma yaron da ya zauna sauraron Gizo da hantsi ba zai kai awaki kiwo ba. Shi ya sa kasuwar tatsuniya ta fi ci da kaka da rani, bayan an kai amfani gida, musamman a daren farin wata.

Batun ƙarya kuwa, hukuncin shari'a na malaman fiƙihu ne, amma akwai abin da ya kamata a sa a gabansu. Maƙaryaci yana so a gaskata shi, ita kuwa tatsuniya da bakinta take cewa "ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Asante ma da irin wannan suke buɗe tasu, suna cewa ba da gaske suke ba. Wannan furuci shi ne ya raba ta da tarihi da ƙissa, ya kuma raba ta da waƙar Sunjata da maroƙan gado na ƙasar Mande suke yi, wadda su a wurinsu labarin kakanni ne na gaske. Kuma shi ne ya ba ta lasisin faɗin abin da ba ya faɗuwa, domin a cikinta ana iya nuna sarki azzalumi ko alƙali mai cin hanci a yi masa dariya ba wanda ya ce da shi ake. Koyarwa ta bakin dabbobi ba baƙuwa ba ce ga malamanmu, tunda littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci daga Farisanci wajen shekara ta 750 miladiyya, dila biyu ne taurarinsa.

Tambaya daga wata ɗalibar jami'a a Gombe: "Ina tattara tatsuniyoyi a Dukku da Bajoga domin kundin kammala digiri, an ce in fitar da jigo da darasin kowace. Amma wasu da tambaya suke ƙarewa, ba darasi. Yaya zan yi da su?"

Amsa: 'Yata, kada ki ƙaƙaba musu darasin da ba su zo da shi ba, kuma kada ki jefar da su, domin wataƙila su ne mafi daraja a abin da kika tara. Wannan rukuni ne mai zaman kansa, kuma Afirka ta Yamma ta yi fice da shi, har masani William Bascom ya tattara irinsu a littafi guda a 1975. Manya ne suka fi yin su a majalisa, kuma abin nazari a cikinsu shi ne gardamar da ke biyo baya. Saboda haka idan kin koma, kada ki kashe na'urar ɗaukar magana da zarar mai labari ya yi shiru. Ki ɗauki abin da tsofaffi suka ce, da abin da matasa suka ce, da inda maza da mata suka rabu, ki rubuta shekarun masu magana da harshen da aka yi gardamar da shi. A nan jigon yake, domin a nan ake auna haƙƙin uwa da na mata, da na jini da na amana.

Ga misali ɗaya da ke yawo a arewacin Nijeriya. Wani makaho yana tafiya da matarsa da mahaifiyarsa da surukarsa, dukkansu makafi, sai ya tsinci idanu bakwai a hanya. Ya sa wa kansa biyu, ya ba matarsa biyu, ya ba mahaifiyarsa ɗaya, ya ba surukarsa ɗaya, saura ɗaya a hannunsa. Idan ya ba mahaifiyarsa, ga matarsa tana kallo da idanun da ya ba ta yanzu. Idan ya ba surukarsa, ga wadda ta haife shi a tsaye. Ki kai wannan majalisar maza a Dukku, ki kai shi gidan suna wurin mata a Bajoga, ki kwatanta amsoshin. Za ki kuma sami wanda zai koma baya ya tuhumi rabon farko, ya ce me ya sa mutumin ya fara da kansa, kuma wannan ma amsa ce da ya kamata ta shiga kundinki. Masu karatu da ke da nasu hukuncin kan idon da ya rage su aiko mana tare da hujjarsu, za mu buga waɗanda suka fi ƙarfi a fitowa ta gaba.